Darasin da Aka Fara Koya wa 'Yan Gefe: Yadda Adabin Ingilishi Ya Shiga Jami'a

A yau da wuya a sami jami'ar da ke karantarwa da Ingilishi wadda ba ta da sashen nazarin harshen da adabinsa. Ɗalibi zai shiga, a ɗora masa nahawu da ilimin furuci, a ba shi wasannin Shakespeare da ƙagaggun labarai da waƙoƙi, a sa shi rubuta insha'i da sharhi, bayan shekara uku ko huɗu a miƙa masa digiri. Ganin yadda abin ya zauna daram, sai mutum ya ɗauka tun ranar da aka kafa jami'a a Ingila ake wannan karatu. Tarihi bai nuna haka ba. Shakespeare ya rasu a 1616, amma sai a 1894 Jami'ar Oxford ta amince a ba ɗalibi digiri a kan Ingilishi, bayan ta shafe sama da shekara 700 tana karantarwa. Cambridge kuwa sai 1917. Kafin nan an daɗe ana koyar da darasin a Edinbura da Kalkata, da makarantun dare na ma'aikatan Landan, da kwalejojin mata. Wato waɗanda ake gani suna gefe aka fara tsara wa shi, don a gyara musu harshe, a saita musu ɗabi'a, alhali 'ya'yan masu mulkin Ingila suna can suna wani karatun daban. Ra'ayina shi ne wannan asali ne ya haifar wa darasin aibinsa da ƙarfinsa duka. Aibin shi ne ya tashi da ɗabi'ar fifita wata al'umma a kan wata. Ƙarfin kuwa, da yake waɗanda ba su gaji littattafan a gida ba aka ba shi ya koyar, dole ta sa ya ƙirƙiro hanyar karatu da kowa zai iya koya, kuma hanyar da kowa zai iya koya ba ta daɗewa a hannun mai ita shi kaɗai.

Kafin a gane wannan, sai an san abin da ya hana manyan jami'o'in Ingila kula harshen gida. A wurinsu, ilimi shi ne Latinanci da Girkanci, sai lissafi da tauhidin Kirista. Yaron gidan manya yakan shafe ƙuruciyarsa yana haddar nahawun Latinanci, yana fassara Homer da Virgil, yana ma tsara waƙa da harshen da ba mai magana da shi a kasuwa. Littafin Ingilishi kuwa abin hutawa ne, wanda mutum zai ɗauka da dare bayan ya gama aikin kirki. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tunani ba, domin malamin zaure ma yakan karantar da Muƙamatul Hariri da waƙoƙin jahiliyya kalma bayan kalma, amma ba ya zama ya karantar da waƙar Hausa haka, don a ganinsa abin da aka sha a nono ba ya buƙatar darasi. Tsananin riƙon da Oxford ta yi wa wannan al'ada ya kai ga farfesanta na waƙa da Latinanci yake gabatar da laccarsa, har sai da Matthew Arnold ya hau kujerar a 1857 ya fara yi da Ingilishi. Ga kuma katangar da aka gina wa ƙofar shiga: sai a 1871 doka ta kammala ɗage sharaɗin bin cocin gwamnati a Oxford da Cambridge, mata kuwa ba su sami digirin Oxford ba sai 1920, na Cambridge sai 1948. Jami'ar da ta keɓe kanta ga 'yan tsirarun da ke ganin sun riga sun mallaki harshen, ba ta da dalilin koyar da shi.

Waɗanda ke da dalili suna arewa, a Sikotilan. Bayan haɗewar ƙasar da Ingila a 1707, majalisa da manyan muƙamai suka koma Landan, sai lauya ko limami ko ɗan kasuwa daga Edinbura ya tarar bakinsa na tona masa asiri da zarar ya yi magana, ana yi masa kallon baƙauye. Masanin falsafa David Hume, duk da girman iliminsa, sai da ya tattara jerin kalmomi da salon maganar mutanen ƙasarsa waɗanda ya kamata marubuci ya guje musu. A 1748 Adam Smith, wanda duniya ta fi sani da ilimin tattalin arziki, ya fara gabatar da lacca a Edinbura a kan balaga da kyawun rubutu, yana kawo misalai daga marubutan Ingilishi. Wani limamin coci, Hugh Blair, ya ci gaba da aikin daga 1759, kuma a 1762 sarki ya ƙirƙira masa kujerar farfesa ta balaga da adabi a Jami'ar Edinbura, wadda ake lissafa ta a matsayin mafarin wannan fanni a jami'a. Da aka buga laccocin Blair a 1783, sun zama littafin karatu na shekaru masu yawa a Birtaniya da kwalejojin Amurka. Abin lura shi ne yadda Blair ke aiki: yakan ɗauko rubutun marubuci irin Addison, ya bi shi jimla bayan jimla, ya nuna inda kalma ta dace da inda ta yi yawa. Ɗan Oxford ba ya buƙatar a buɗe masa jimla haka, don ya yarda kunnensa ya isa alƙali. Baƙon harshe ne ke tambayar dalili, kuma daga amsa masa ne fannin ya fara samun hanyarsa.

A Ingila kanta ma ta ƙofar baya darasin ya shigo. Sabuwar jami'ar Landan, wadda aka buɗe don waɗanda Oxford da Cambridge suka rufe wa ƙofa saboda aƙida ko rashin gata, ita ce ta naɗa farfesan harshe da adabin Ingilishi na farko a ƙasar a 1828, wato Thomas Dale, shi ma limamin coci ne, kuma ya ɗauki darasin a matsayin hanyar gyaran hali. F. D. Maurice, wanda ya koyar da adabi da tarihi a Kwalejin King ta Landan daga 1840, yana cikin waɗanda suka kafa Kwalejin Queen ta mata a 1848, sannan ya kafa kwalejin ma'aikata a 1854, inda kafinta da tela da maɗaba'i ke zuwa da dare bayan an tashi daga aiki. Zamanin na tashin hankali ne: masana'antu sun cika birane da talakawa, ma'aikata suna gangamin neman 'yancin jefa ƙuri'a, coci kuma tana rasa masu zuwa. Masu faɗa a ji suka ga cewa adabin gida zai iya yin aikin da Latinanci ke yi wa 'ya'yan manya, a farashi mai sauƙi, ya kuma sanyaya zuciyar talaka ya ji shi ma ɗan ƙasa ne. Arnold, wanda ya shafe shekara 35 yana aikin sufeton makarantu, ya kai ga hasashen cewa waƙa za ta cike gurbin da raunin addini ya bari. Ba sai an zargi niyyar mutanen nan ba, domin da yawansu sun sadaukar da rayuwarsu ga ilmantar da marasa gata. Amma tsarin ya fito fili: mai abu a sama, mai karɓa a ƙasa, littafi kuma shi ne igiyar da ke tsakani.

Inda tsarin ya fi fitowa tsirara shi ne Indiya. Dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1813 ta wajabta wa kamfanin da ke mulkin ƙasar ya ware rufi 100,000 duk shekara don ilimi, sai gardama ta tashi tsakanin Turawan: wasu na son a kashe kuɗin a kan Larabci da Sanskirit da Farisanci, wasu na son Ingilishi. A watan Fabrairun 1835 wani jami'in mulki, Thomas Macaulay, ya rubuta takardar da ta raba gardamar. A cikinta ya amsa da bakinsa cewa bai san Larabci ba, bai san Sanskirit ba, amma duk da haka ya yanke hukunci cewa kanta guda ta littattafan Turai ta fi duk abin da Indiyawa da Larabawa suka rubuta. Ya kuma bayyana manufarsa ba rufa-rufa: a samar da rukunin mutane masu jinin Indiya amma masu tunani da ɗanɗanon Ingilishi, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Gwamna Bentinck ya amince a wata mai bi masa, a 1837 kuma aka sauke Farisanci daga matsayin harshen kotu, a 1857 aka kafa jami'o'in Kalkata da Bombay da Madras. Masaniya Gauri Viswanathan, a littafinta na 1989, ta nuna wani abu mai muhimmanci: da yake gwamnati ta yi alkawarin ba za ta sa baki a addinin mutane ba, ba ta iya koyar da Baibul a makarantunta, sai adabin Ingilishi ya ɗauki nauyin isar da tarbiyyar da ake so ba tare da an ambaci sunan addini ba. Ta haka yaron Bengal ya riga yaron Oxford zama jarrabawa a kan mawaƙin Ingila Milton da shekaru masu yawa.

Mai musu zai ce ai ba dole aka yi wa Indiyawa ba, su suka nema. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Kwalejin Hindu ta Kalkata, wadda aka buɗe a 1817, attajiran garin ne suka haɗa kuɗin kafa ta don 'ya'yansu su koyi ilimin Turai, tun kafin Macaulay ya taka ƙasar. A 1823 Ram Mohan Roy ya rubuta wa gwamna yana adawa da kafa sabuwar kwalejin Sanskirit. Sai dai idan aka duba abin da Roy ya roƙa, lissafi ne da kimiyya da ilimin jikin ɗan Adam, wato abubuwan da ke ƙara wa al'umma ƙarfi. Son koyon harshen mai mulki don a sami aiki da ilimi wani abu ne, yarda da cewa kakanninka ba su rubuta komai ba kuma wani abu ne daban, kuma na biyun ne aka cusa cikin manhaja ba tare da an nema ba. Amma musun na nuna abin da masu ganin ɗalibi a matsayin ƙwarya kawai suke mantawa: mai karɓa yana da tasa manufar. Michael Madhusudan Dutt, ɗalibin wannan kwaleji, ya fara waƙa da Ingilishi yana burin a ƙirga shi cikin mawaƙan Ingila, daga baya ya koma harshen Bengali, ya shigar da salon waƙa marar amsa-amo irin na Milton, ya fitar da babbar waƙarsa a 1861. An koya masa Milton don ya raina harshensa, ya ɗauki Milton ya ɗaukaka harshen.

Daga Indiya ne ma darasin ya koma gida da sabon kwarjini. Da aka buɗe jarrabawar shiga aikin mulkin Indiya ga kowa a 1855, an sa harshe da adabin Ingilishi cikin darussa masu maki mai yawa, sai matasan Birtaniya masu neman muƙami suka fara karatun da jami'o'insu ba sa koyarwa. Matsin ya yi ta ƙaruwa a kan Oxford, ita kuma ta yi ta tirjiya. Farfesan tarihi E. A. Freeman ya kafa hujja a 1887 cewa ba a jarraba ɗanɗano da son rai, kuma darasin zai zama hira ce kawai a kan mawaƙa. Hujjar ba ta banza ba ce, domin har yau ita ce tambayar da ke gaban duk mai gyara takardar adabi: da me za a bambance mai fahimta da mai surutu? Maganin da Oxford ta samo shi ne ta cika darasin da tarihin harshe irin wanda malaman Jamus suka ƙware a kai, wato tsohon Ingilishi na zamanin waƙar Beowulf, da yadda sautuka suka sauya cikin ƙarnuka, abubuwan da ke da amsa ɗaya kuma suke da wuya. Shi ya sa da aka ƙirƙiro kujerar farfesan Ingilishi a 1885 masanin tarihin harshe, Arthur Napier, aka ba. Sai a 1904 Oxford ta naɗa farfesa na adabi zalla, Walter Raleigh, wanda ya fara aikin farfesa ne a kwalejin Musulmi ta Aligarh a Indiya daga 1885, ya bi ta Libaful da Gilasgo kafin ya iso. Hanyar da mutumin ya bi ita ce hanyar da fannin ya bi. Rabuwar da ake gani a sassan Ingilishi har yau, tsakanin 'yan harshe da 'yan adabi, daga wannan sulhu ta samo asali.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya kammala aikin. Bayan an zubar da jini da Jamus, ilimin da ke ɗauke da tambarin Jamus ya rasa farin jini, kishin ƙasa kuma ya sa ana neman abin da zai haɗa kan jama'a. Rahoton kwamitin Henry Newbolt na 1921 ya nemi a sa Ingilishi a tsakiyar ilimin ƙasa, yana fatan adabi zai ɗinke ɓarakar da ke tsakanin masu hali da ma'aikata. A Cambridge kuwa, I. A. Richards ya yi gwajin da ya amsa wa Freeman. Yakan raba wa masu sauraron laccarsa takardu ɗauke da waƙoƙi, ba sunan mawaƙi, ba shekara, ya ce su je su karanta su rubuto ra'ayinsu ba tare da sa suna ba. Da ya tattara amsoshin waƙoƙi 13 ya buga su a 1929, sai aka ga abin kunya: 'ya'yan gata da suka fito daga manyan makarantu sun yabi waƙoƙi marasa ƙarfi, sun kushe na manyan mawaƙa irin John Donne, kuma da yawansu ko ma'anar fili ta baitocin ba su kama ba. Da aka cire musu sunan da za su jingina da shi, sai ya bayyana cewa gadon gida bai koya musu karatu ba. Daga nan aka kafa ƙa'idar da ta zama ƙashin bayan fannin: duk abin da ka faɗa a kan rubutu, nuna shi a cikin rubutun, ka sa yatsa a kan kalmar. Wannan ƙa'ida ana iya koyar da ita, ana iya jarraba ta, kuma ba ta tambayar ɗan wa kake.

Rukuni na uku na darasin bayan harshe da adabi, wato koyar da rubutu, Amurka ce ta ba shi siffar da aka sani, kuma shi ma daga zargin gazawar ɗalibi ya fito. Bayan yaƙin basasar ƙasar, jami'o'i sun faɗaɗa, 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa suka fara shigowa. A 1874 Harvard ta sa rubuta gajeren insha'i a kan littattafai irin wasannin Shakespeare cikin jarrabawar shiga, malamai suka firgita da yawan kurakuran da suka gani. Daga 1885 ta wajabta wa duk ɗan shekarar farko darasin insha'i, a ƙarƙashin Adams Sherman Hill, tsohon ɗan jarida, sauran jami'o'in ƙasar kuma suka kwaikwaya. Sai dai an raba aikin rabo marar adalci. Francis James Child, wanda ya zama farfesan Ingilishi na farko a Harvard a 1876, ya sami kujerar ne tare da kuɓuta daga gyaran takardun ɗalibai da ya shafe shekaru yana yi, ya koma bincikensa a kan tsofaffin waƙoƙin gargajiya. Tun daga nan adabi ya zama na manyan malamai, jan biro da tulin takardu suka zama na ƙanana. Wannan kuskure ne da ya daɗe yana cutar fannin, domin wanda bai taɓa fama da gina jimla ba, ba zai ga ƙwarewar wanda ya gina ta ba, kuma ɗalibin da aka koya wa yabon rubutun wasu ba a koya masa yin nasa ba, an bar shi a matsayin mai karɓa har abada.

A Afirka ne aka ga ƙarshen abin da hanyar ke iya yi idan ta faɗa hannun wanda aka yi rubutu a kansa. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, da manhajar Landan. Chinua Achebe yana cikin ɗaliban farko. Likitanci ya shiga karantawa, ya sauya zuwa Ingilishi da tarihi da nazarin addini. Cikin littattafan da malamai suka ba su har da Mister Johnson na Joyce Cary, wanda aka buga a 1939. Cary ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, har ya riƙe ƙasar Bargu, kuma a Arewa ya kafa labarin nasa: wani akawu ɗan Kudu mai yawan fara'a da waƙe-waƙe, mai ƙaunar ubangidansa Bature, ya ci bashi, ya yi sata, ya yi kisa, a ƙarshe ya roƙi ubangidan ya harbe shi da hannunsa maimakon a rataye shi. Malaman sun ɗauka ɗalibai za su yi murnar ganin ƙasarsu a littafi. Achebe ya ba da labarin cewa wani abokin karatunsa ya tashi a aji ya ce wurin da kawai ya ji daɗi a littafin shi ne inda aka harbe akawun. Ɗaliban sun karanta littafin yadda aka koya musu, sun duba wa aka ba baki, wa aka hana, da irin kalmomin da aka siffanta jama'ar gari da su, suka ga ba su ne a ciki ba. Kaikayi ya koma kan masheƙiya. Things Fall Apart ya fito a 1958, da sunan da aka ciro daga waƙar Yeats, mawaƙin Ayilan, wata ƙasar da ita ma Ingila ta mulka. A 1975 kuma Achebe ya tsaya a wata jami'a a Amurka ya bi littafin da marubuci Conrad ya rubuta a kan Kwango layi bayan layi, ya tuhume shi da wariyar launi.

Musu mafi ƙarfi shi ne na masu cewa abin da aka gina a kan raini ba ya gyaruwa, rushe shi ya kamata a yi. A 1968 malamai uku a jami'ar Nairobi, Ngugi wa Thiong'o da Taban lo Liyong da Henry Owuor-Anyumba, suka rubuta takarda suna neman a soke Sashen Ingilishi, a kafa na adabi da harsunan Afirka, a sa adabin baka a tsakiya. Suna da gaskiya a kan babban abu: ba dalilin da zai sa ɗalibin Kenya ya fara daga mawaƙin Ingila Chaucer ya ƙare a kan mawaƙi Eliot, sannan a ɗan liƙa masa marubutan ƙasarsa a wutsiya, kamar tarihin wani tsibiri shi ne ma'aunin kowa. Amma ya kamata a lura da abin da suka nema da abin da ba su nema ba. Tsakiyar suka ce a sauya; ba su ce a ƙone littattafan Turai ba, ba su ce a daina karatun ƙwaƙwaf da kafa hujja ba. Shi kansa Ngugi Ingilishi ya karanta a Makerere da Leeds, kuma da ya koma rubutu da harshen Gikuyu, ya tafi da duk abin da ya koya game da gina labari da tarken rubutu. Jerin littattafai da hanyar karatu abubuwa biyu ne da tarihi ya ɗaure wuri ɗaya, kuma ana iya kwance su. Jerin ne ke ɗauke da rainin Macaulay. Hanyar kuwa, kamar yadda aka gani, an ƙera ta ne daga buƙatar baƙi, kuma baƙi sun fi kowa haƙƙi a kanta.

Akwai kuma masu musu ta ɗaya ɓangaren, masu cewa duk wannan tone-tone ba shi da amfani, tunda kowace ƙasa a Turai ta shigar da adabinta jami'a a ƙarni na 19, kuma Shakespeare gwani ne ko da wa ya koyar da shi. Gwanintarsa ba abin musu ba ce, kuma gaskiya ne Jamusawa ma sun ɗaukaka harshensu a jami'a a wannan zamani. Amma ɗalibin da bai san yadda littafi ya iso teburinsa ba yakan ɗauki manhaja kamar saukakkiya, ya ɗauka abin da ba ya ciki bai cancanta ba ne. Wanda ya san cewa Ingilishi kansa ya taɓa zama harshen gida da manyan malamai suka ce bai kai a ba da digiri a kansa ba, zai gane cewa darajar harshe a jami'a mutane ne ke yanke ta, da gardama da siyasa da aiki. Wannan ne ya haɗa tarihin da mu. Sassan da ke nazarin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, inda ake zama a feɗe waƙoƙin Mamman Shata da Imfirajin Aliyu Namangi da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, sun tsallake irin shakkun da Ingilishi ya tsallake a Oxford, kuma har yanzu akwai iyayen da ke ganin ɗansu ya yi asarar shekaru idan ya karanta abin da ya sha a nono.

Saboda haka abin da ya kamata a nema daga wannan darasi a yau, a ko'ina ake koyar da shi, shi ne ya riƙe abin da ya koya daga 'yan gefe, ya saki abin da ya gada daga masu mulki. A bar harshe da adabi da rubutu su zauna tare, domin rabuwarsu sulhun siyasar jami'a ne, ba buƙatar ɗalibi ba. A koya wa ɗalibi tarihin manhajar da ke hannunsa, ya san wa ya zaɓi littattafan, a wace shekara, don wace manufa. A kuma auna shi da abin da zai iya nunawa a cikin rubutu da abin da zai iya rubutawa da kansa, maimakon yawan sunayen marubuta da ra'ayoyin masu sharhi da ya haddace. Sashen da ke yaye ɗalibi mai jin kunyar harshen uwarsa, aikin 1835 yake ci gaba da yi, ko da duk littattafan da ke jerinsa na Afirka ne. Wanda kuwa ke yaye ɗalibin da zai iya ɗaukar kowane rubutu, na Bature ko na ɗan'uwansa, jawabin shugaba ko hukuncin kotu, ya tambaye shi wa ke magana, da wace hujja, kuma wa aka yi wa shiru, shi ne ya cancanci shekarun da matasa ke ba shi da kuɗin da iyayensu ke biya.